Aji Shida, Malami Uku, Ba Maigadi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ƙura ta turnuƙe filin makaranta. Yara ne ke shara, kowa da guntuwar tsintsiyar da ya ɗauko daga gida, manyan ɗalibai na tsaye a kansu da tsumagiya. 'Yan mata huɗu sun nufi rijiyar burtsatse da bokitai, don randar ofis ta ƙafe. An kori akuyoyin da suka kwana a aji uku, saura a kwashe abin da suka bari.

Can sai ga hedimasta a kan babur, da tsohuwar jaka ɗaure a bayansa. Shi ya buɗe ofis, shi ya ɗauki guntun ƙarfe ya buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin darbejiya. Da aka gama taken ƙasa aka shiga aji, sai lissafi ya fito fili: azuzuwa shida, malamai uku, har da shi kansa.

An haɗa aji ɗaya da aji biyu, malamin Arabiyya ya shiga. Aji uku da huɗu suna hannun wani matashi mai shaidar malanta ta NCE da ke aikin sa-kai. Hedimasta ya rubuta wa 'yan aji biyar aiki a allo, ya ce monita ya rubuta sunayen masu surutu, ya wuce aji shida. Kafin a fita tara waya ta shigo, ana nemansa da wasu takardu a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Ba sai an ambaci sunan makarantar ba. Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara tsakanin Sakkwato da Yola ya ga irinta, wani lokaci ma da sabon fenti da sabon rufi da allon ɗan kwangila a bakin ƙofa.

Abin da takarda ta ce

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, malami ɗaya ga yara 25 a rabin aji. Ta kuma ce wanda bai mallaki shaidar NCE ba bai isa ya riƙe alli ba.

Hukumar UBEC, mai kula da ilimin bai-ɗaya a matakin tarayya, takan ƙidaya ma'aikatan makarantu jefi-jefi. Ƙidayarta ta 2018 ta nuna giɓin malamai kusan dubu 280, tun daga rabin aji har ƙaramar sakandare. Ta 2022 kuwa ta nuna makarantun firamaren gwamnati kaɗai suna neman ƙarin malamai kusan dubu 195.

Adadin na da ban tsoro, amma yana ɓoye abin da ya fi shi muni. Idan aka tattara malaman jiha aka raba da yawan ɗalibanta, sai a sami wani matsakaicin lissafi da babu ajin da ya yi kama da shi. A cikin lissafin akwai malamin da aka mayar ofis yana aikin fayil, akwai wanda ya tafi ƙaro karatu shekara uku, akwai wanda ke jinya, akwai kuma wanda sunansa kawai aka sani ranar albashi.

A unguwannin talakawa na Kano da Kaduna da Maiduguri, aji mai yara ɗari ko fiye ba labari ba ne. A ɗauki aji mai 120. Kiran suna kaɗai zai cinye wajen kwata na awa. Idan malama ta ba da aikin gida, ta ba kowane littafi minti ɗaya tak, awa biyu ke nan kafin ta gama maki na darasi guda. Saboda haka ba ta bayarwa. Sai ta koma ga abin da zai yiwu: ta faɗa, su maimaita da ƙarfi, na sahun gaba su kama, na baya su bi amo. Hausawa sun riga sun faɗa, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Sakamakon yana bayyana a aji shida. A 2022 asusun UNICEF ya ce kusan bakwai cikin goma na yaran Najeriya ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekarun da ya kamata a ce sun iya.

Yadda aka zo nan

Akwai lokacin da malanta ce ƙofar kowace ɗaukaka a Arewa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horon malamai aka kafa ta. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga can suka fito suka shiga aji. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu. Makarantun ba su da yawa, ɗaliban ƙalilan ne, En'e kuma tana sa ido.

Shirin ilimin firamare na UPE na 1976 ne ya buɗe ƙofa ga kowa. An yi tanadin yara miliyan biyu da 'yan kai a aji ɗaya, kusan miliyan uku suka bayyana. Dole aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar, aka cika kwalejojin horon malamai masu ba da shaida mai daraja ta biyu. Tun daga ranar, yawan yara ke gaba, yawan malamai na binsa da ɗingishi.

Sai kuma rikicin wa zai biya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta miƙa wa ƙananan hukumomi komai. Tsofaffin malamai ba su manta da watannin da suka biyo baya ba, na rashin albashi da yajin aiki, har aka dawo da hukumar a 1993.

Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Sai dai kaso mafi tsoka na wannan kuɗi na gine-gine ne da kujeru, saura na littattafai da bitar malamai. Albashi ba ya ciki. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta biya.

A nan gizo ke saƙar. Ginin aji kwangila ce, ana yin ta sau ɗaya, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Malami kuwa nauyi ne na kowane wata har ya yi ritaya, sannan ga fansho da giratuti. Ɗan siyasa ya san wanne ya fi masa sauƙi.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutane da yawa sun yi murna, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa kada a bar albashin 'ya'yanta a hannun ciyamomi, tana tuna abin da ya faru bayan 1991. Su kuma ciyamomi kukansu shi ne albashin malamai na lashe mafi yawan abin da ke shigo musu. A Abuja ma, inda ake ganin kuɗi ba matsala ba ne, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, saboda ƙananan hukumomin birnin sun gaza biyan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70.

Ana fita, ba a shiga

Makaranta ba ta rasa malamanta rana ɗaya. Bana mutum biyu su yi ritaya, baɗi ɗaya ya rasu, wata ta bi mijinta wani gari, wani ya sami aiki a hukumar kwastan ko ya koma kasuwa. Hedimasta ya rubuta wa Sakataren Ilimi, sakatare ya rubuta wa SUBEB, amsar ita ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Jihohi da dama sun yi shekaru a jere a haka. Idan an zo ɗauka kuma, sai a ɗauki dubbai a lokaci guda, galibi dab da zaɓe, kowane mai faɗa-a-ji da jerin sunayensa a aljihu.

Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ta ɗan rage gudun fitar a jihohin da suka karɓe ta. Ba ta ƙara ko mutum ɗaya a aji ba. Matasa masu NCE da ke jiran gurbi suna kallonta a matsayin ƙarin shekara biyar na zaman jira.

Birni cunkus, ƙauye wayam

Jami'an ilimi sukan ce matsalar ba ta rashin malamai kaɗai ba ce, ta rabo ce. Suna da gaskiya. Akwai makarantun tsakiyar gari da za ka tarar da malamai sun yi dandazo a inuwa, wani darasi biyu ne rabonsa a mako. Kilomita talatin daga nan, mutum biyu ke riƙe da yara ɗari uku.

Kowa ya san yadda ake yi. Takardar canjin wurin aiki za ta fito, washegari waya ta fara ƙara a ofishin sakatare, daga kansila, daga hakimi, daga wani darakta a ma'aikata. Kafin mako ya zagayo an janye takardar. Wanda ba shi da kowa shi ke tafiya.

Amma kada a yi saurin zargin malamin da ya ƙi ƙauye. Babu gidan malamai, babu alawus ɗin karkara da ya taka kara ya karya, kuɗin man babur na iya cinye rabin albashin mai matakin albashi na bakwai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wasu malaman suka koma rabon kwana a tsakaninsu, wannan ya zo Litinin da Talata, wancan Laraba da Alhamis. Hedimasta ya sani, ya kau da kai, don da babu gara ba daɗi.

Malamai mata sun fi ƙaranci a karkara, kuma wannan na da nasa illar. Uba da yawa ba ya son barin 'yarsa da ta fara girma a makarantar da duk ma'aikatanta maza ne. Dalilin ke nan da aka fito da shirin ɗaukar nauyin karatun 'yan matan ƙauye a kwalejojin ilimi, da tallafin UNICEF da Birtaniya, a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara, da sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Tunani ne mai kyau: wadda gidan iyayenta ko na mijinta ke garin ba ta neman a mayar da ita birni.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula rabon. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai fiye da dubu biyu a Arewa maso Gabas, kusan dubu 19 sun bar gidajensu. A Zamfara da Katsina da Neja da Birnin Gwari, akwai makarantun da malamansu suna cikin rajistar albashi amma hanyar zuwa wurin ba ta biyuwa.

Masu riƙon ƙwarya

Idan aka cire 'yan sa-kai, makarantu da yawa za su rufe gobe. Wasu ƙungiyar iyaye da malamai ce ke ba su ɗan abin sabulu daga kuɗin da take tarawa. Wasu 'yan bautar ƙasa ne, wasu ɗaliban kwaleji masu gwajin koyarwa na 'yan watanni.

Gwamnati ma ta daɗe da wannan dabara. Akwai shirin malaman tarayya da aka fara a 2006, na shekara biyu, da fatan jihohi za su ɗauke su dindindin bayan nan, fatan da bai cika ba a wurare da yawa. An yi shirin N-Power na 2016, mai alawus ɗin naira dubu 30. Akwai malaman shirin BESDA na Bankin Duniya. A Kano, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, an mayar da dubbai daga cikin malaman BESDA ma'aikatan dindindin, abin da aka yi ta yabawa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu nisa a wannan hanya, don malaman kwantiragi ne suka daɗe suna riƙe da mafi yawan azuzuwan firamarensu, da jinkirin biya da yajin aikin da ke tafe da shi.

Ɗan sa-kai kan fi wasu masu albashi zuwa aiki, domin yana fatan a gan shi a ɗauke shi. Sai dai fata na da iyaka. Ranar da ya sami abin yi zai tafi a tsakiyar zango, yaran da suka saba da shi su koma hannun monita.

Waɗanda ba a ƙirgawa

Duk muhawarar da ake yi kan malamai ce. Ba kasafai ake jin wani ya tambayi makaranta nawa ke da maigadi, ko mai shara, ko akawu, ko matar da za ta kula da 'yan rabin aji ba. A akasarin jihohi waɗannan ƙananan ma'aikata, daga mataki na ɗaya zuwa na shida, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne ke ɗaukarsu. Su ake fara mantawa da su idan kuɗi ya yi ƙaranci. Tsohon maigadi ya rasu, ba a maye gurbinsa ba, shi ke nan an soke aikin ba tare da an rubuta a ko'ina ba.

Aikin nasu kuwa bai tafi ko'ina ba, wani ne ya gaje shi. Shara da ɗebo ruwa da wanke makewayi sun koma kan yara, galibi mata, a lokacin da ya kamata suna aji. Inda babu mai wankewa, makewayin kan lalace a rufe shi, yara su koma bayan katanga, manyan 'yan mata kuwa su tafi gida su ƙi dawowa. Aikin akawu ya koma kan hedimasta: shi ne mai cike fom ɗin ƙidayar makarantu, shi ne masinja, shi ne mai karɓar baƙi, shi ne kuma malamin aji shida.

A rabin aji abin ya fi tausayi. Yaro ɗan shekara biyar zai yi kuka, zai yi fitsari a wando, zai yi barci, zai fice ya nufi titi. Malama ɗaya da yara sittin ko tamanin ba koyarwa take yi ba, raino take yi. Duk sa'ad da ta fita wanke wa ɗaya jiki, sauran na nan ba mai kallonsu.

Rashin maigadi kuwa kuɗi yake ci ƙiri-ƙiri. Makarantar da ba ta da mai kwana a cikinta, a hutun ƙarshen shekara ake cire mata ƙofofi da tagogi, a kwance kan famfo, a yi itacen girki da benci. Da dare azuzuwa su zama matattarar 'yan shaye-shaye. Baɗi a sake ba da kwangilar gyara, da kuɗin da zai biya maigadi albashin shekaru masu yawa.

Ba wanda ke cewa dattijo da tocila da sanda zai tare 'yan bindiga. A Maris ɗin 2024, lokacin da aka kwashe ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun jim kaɗan bayan taron safe, inda aka fara ba da adadin 287 kafin daga baya a dawo da 137, ko masu gadi goma ne da ba su hana ba. Wannan aikin jami'an tsaro ne. Na maigadi ƙarami ne amma na kullum: ya san baƙuwar fuska, ya hana yaro fita, ya kori mai babur da ke ratsa fili, ya ga abin da ke faruwa a bayan azuzuwa.

Masu dafa abinci su ne ma'aikatan da suka shigo daga baya. Da Kaduna ta fara ciyar da ɗalibai a 2016, gwamnatin jihar ta ce yawan yara ya kusa ninkawa. Shirin tarayya ya biyo baya, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane kwano a farkonsa. Abinci ya kawo yara, bai kawo malamai ba. Rabon abincin da tsawatar da layi ma malamin ne ya ɗauka, wasu yaran kuma da sun side kwano sai su kama hanyar gida.

A kora ko a horar?

Cika aji da mutane daban, samun masu iya aikin daban. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamaren Kaduna kusan dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu. Kusan dubu 22 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi dubu 25. NUT ta tafi yajin aiki, tana cewa hukumar rajistar malamai ta TRCN ce kaɗai ke da hurumin auna malami. Daga cikin sababbin ma an sake sallamar fiye da dubu huɗu, a 2022 kuma aka ƙara korar fiye da dubu biyu.

Masu goyon bayan matakin suna cewa wanda bai iya ba ba zai koyar ba, kuma 'ya'yan talakawa ne ke biyan kuɗin tausayin da ake ji wa irin waɗannan malamai. Masu suka suna nuna makarantun ƙauye da suka wayi gari da hedimasta kaɗai, da sababbin malaman da aka turo daga nesa suka ƙi zama.

Borno ta bi wata hanyar. A 2022 kwamitin da Gwamna Babagana Zulum ya kafa ya auna malamai fiye da dubu 17, ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka cancanta, mafi yawan saura za su gyaru da horo, kusan dubu huɗu kuma ba za su horu ba. Gwamnan ya ce ba zai kore su ba, za a nema musu wasu ayyukan. A ganina a nan akwai abin dubawa ga sauran jihohi. Mutumin da bai iya koyar da lissafi ba yana iya riƙe rajista da sito, ko ƙofa, ko kula da ƙananan yara, ayyukan da a yanzu ba su da mai yi.

Iyaye da masu gari

Kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda ake kira SBMC, su ne ke toshe wasu ramukan. Inda mai unguwa da liman da ƙungiyar mata suka tsaya, za ka tarar an yi karo-karo an ɗauki maigadi, an ba malamin da aka turo ɗaki kyauta, wani wurin har da gona. Inda babu mai tsayawa, iyaye masu ɗan hali sukan kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar kuɗi ta bayan layi, wadda sau da yawa malamanta ba su kai na gwamnati takardu ba, albashinsu ma bai kai ba. Abin da iyayen ke saya shi ne tabbacin cewa akwai babba a cikin aji daga safe har tashi.

A makarantar da muka fara da ita, hedimasta bai dawo daga ofishin ilimi ba sai bayan sha biyu. 'Yan aji biyar sun daɗe da watsewa, ɗan sa-kai ya haɗa 'yan aji shida da nasa. Aka buga ƙarfen tashi. Hedimasta ya tattara rajistoci shida da kwalin alli da hatimin makaranta ya zuba a jaka, ya ɗaure a bayan babur. Ba ya barin su a ofis tun daga hutun da aka ɓalle ƙofar.